Gaisuwar da Isaka Ya Kai Biro

Isaka mai garka bai taɓa zama a kan bencin lakwal ba, wato makarantar boko, ko da na yini ɗaya. A shekarun da sa'o'insa na Yantala suke tafiya da allo a hammata suna haddace sunayen kogunan Faransa, shi yana bakin nasa kogin, kogin Isa, da gwangwani biyu a hannu yana ban ruwan salatin mahaifinsa. Da mahaifin ya rasu sai garkar ta dawo hannunsa, wato ɗan lambun nan na gangaren hanya mai mangwaro uku da layin zogale. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa, a cikinta kuma gashinsa ya yi fari. Zabarmanci ya sha a nono. Hausa kuwa a bakin matan Wadata ya tsince ta, masu zuwa sarin ganye da sassafe, shi ya sa har yau in ya yi fushi da Hausa sai ka ɗauka ciniki yake yi. Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Amma ba salati ne ya sa aka san Isaka daga Yantala har Gudel ba. Bakinsa ne. Shi ne mutumin da ake aikawa. In saurayi ya ga yarinya, Isaka ne zai sa babbar riga ya je neman aure. In maƙwabta sun daina gaisawa saboda ruwan kwata, shi ake kira. In mace ta yi yaji shi ke zuwa biko, kuma da wuya ya dawo shi kaɗai. Ba gadon aikin ya yi ba, ba kuma wanda ya naɗa shi. Mutane dai sun lura cewa in ya je wuri ba ya dawowa hannu rabbana, sai suka yi ta aikensa.

Yana da hanyarsa guda, wadda ba ya saɓa mata ko da wa zai gani. Zuwan farko gaisuwa ce. Zai zauna, ya tambayi gida da iyali, ya tambayi gajiya da ruwan bana, ya yabi abin da ya cancanci yabo, ya sha ruwa ya yi sallama. Buƙata sai zuwa na biyu, bayan mako guda. In an tambaye shi dalili sai ya ce babban mutum in ka tsare shi da roƙo a ranar farko, zai ce a'a ne don kawai kada a ga yana da arha, amma in ka bar shi ya kwana bakwai da maganar, da kansa zai nemo hanyar da zai ce to. Akwai wani masunci a Gudel, mai taurin kai, da ya kori tawaga uku masu neman 'yarsa. Isaka ya je ya zauna da shi tun hantsi har azahar, suka yi hirar kifi da ciwon gwiwa, ya yabi tarbiyyar gidan, ya tashi ya tafi. Da ya koma bayan mako, tun bai gyara zama ba masuncin ya ce, "Na san abin da ya kawo ka, na ba ku." Labarin nan Isaka ya ba da shi ya fi sau ɗari, kuma kowane karo masuncin ƙara taurin kai yake yi.

To mutum irin wannan, in aka zo neman shugaban kwamitin iyayen yara a lakwal ɗin firamare ta unguwa, ai ba sai an yi dogon taro ba. Jikokinsa biyar ne a cikinta. Rabin matsalar lakwal kuma roƙo ce: a roƙi mai unguwa, a roƙi masu zuba shara a bayan katanga, a roƙi uban da ya cire 'yarsa daga aji. Aka ɗaga hannu, Isaka ya zama Parzidan, ko da yake in an miƙa masa takarda yakan riƙe ta ne a juye. Shekara tara yana kan kujerar ba wanda ya nemi ya karɓe ta.

A nan ya san Madam Priska. 'Yar Dogon Dutsi ce, ɗiyar wani tsohon malamin asibiti, an turo ta unguwar tana matashiya aka ba ta ajin farko, ajin da yara saba'in suke kuka lokaci guda. Kirista ce, kuma a shekararta ta farko an yi ƙananan maganganu a zauruka a kan haka. Isaka ma ya saurara bai ce uffan ba. Amma yaran da suka bi ta hannunta sun fito suna karanta allon kanti, sai maganganun suka yi ta raguwa har suka ɓace. Takan ce masa Baba, shi kuma ya ce mata Madam, suna magana da Hausa, tata ta Arewa mai kauri, tasa ta kasuwa.

Shekara uku da suka wuce, daraktan lakwal ɗin, Mushe Abdulaye kamar yadda ake kiransa da Faransanci, ya kwanta ciwo aka kai shi garinsu. Aka ce Priska ta riƙe kafin a gani. Ba takarda, ba suna, riƙon ƙwarya ne kawai. Ita kuwa ta riƙe da hannu biyu. Kullum takan riga mai gadi buɗe ido, ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran yara da sunayensu da na iyayensu. Yarinyar da aka ɗora wa tallan kopto, wato kwaɗon zogale, a lokacin aji, Priska za ta bi ta har gida ta zauna a tabarmar uwar, ba faɗa ba zagi, sai an yi alkawari za ta tashi. Masu suyar ƙosai da ke hura wuta a jikin ajujuwan zana, ta lallaɓa su har suka koma ƙetaren hanya. Malamin da ya saba zuwa ƙarfe tara, ba ta kai ƙararsa ba. Shiga ajinsa take yi ta fara darasi, in ya iso ta miƙa masa alli a gaban yara ta ce sannu da zuwa. Ba wanda ya jure wannan fiye da sau uku. Ranar Juma'a ita ke tuna wa malamai lokacin masallaci. Shekarar da ruwa ya ci gidajen gangare aka zuba mutane a ajujuwa, ita ta raba ɗakuna, ta raba faɗa, kuma da aka tashi ba benci ko ɗaya da ya zama itacen girki.

Ana nan sai labari ya zo a tsakiyar hutun damina cewa Mushe Abdulaye ya yi ritaya, kuma kafin a koma aji a watan Oktoba za a naɗa sababbin daraktoci. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Daga biro, wato ofishin ilimi, ake turo darakta. Sufeton ilimi, wanda malamai ke ce wa anspekta, shi ke jera sunaye ya aika sama a sa hannu. Iyayen yara sai dai su wayi gari su ga baƙo da jaka a bakin ƙofa. Wani ya zo da alheri, wani ya zo da barci, duk sai bayan ya zauna ake sani.

Kwamiti ya zauna a gindin bishiyar bedin da ke tsakar lakwal. A kan abin da ake so ba a yi gardama ba: a bar musu Madam Priska, a ba ta takarda ta zama darakta sosai. Gardamar a kan yadda za a nema ce.

Zubairu, tsohon masinja ne da ya yi shekara talatin yana ɗaukar takardu daga wannan biro zuwa wancan, shi ya fara. Ya ce, "Ni na san mutanen nan. Biro ba ya jin magana, takarda yake ji. Ku bar ni in sa a rubuta mana layi uku da Faransanci: mu iyaye muna roƙon a bar mana wance. Mu dangwala hannu, a buga hatimi, a miƙa wa sakatare. Shi ke nan."

Zalika, shugabar iyaye mata, mai sayar da dambu a bakin tasha, ta ja tsaki. "Takarda? Takardu nawa ka ɗauka da hannunka suka je suka kwana a ƙarƙashin wasu? Su waɗanda ke zaune a biro me suka sani? Sun san wa ke zuwa ƙarfe bakwai? Mu muka haifi yaran, mu muke ganin wanda ke aiki, amma in za a zaɓi mai riƙe su ba a tambayarmu ko da da ido. Ni a ganina mu kwashi mata hamsin mu je mu cika masa tsakar biro, ya ga fuskokinmu."

Zubairu ya ce in kowace unguwa za ta zaɓi nata darakta, to wata za ta zaɓi ɗan mai unguwa ne, wata ta zaɓi ɗan jam'iyya, wata ta zaɓi wanda ba ya korar yaro ko ya yi wata bai zo ba. Zalika ta ce to wanda biro ke zaɓa daga sama yake faɗowa, ba shi da kawu? Aka yi ta kai da kawowa har inuwa ta juya.

Isaka ya bar su suka gaji, sannan ya gyara murya. Ya ce takarda ba ta da fuska, ba wanda ke jin kunyarta. Taron mata hamsin kuma ba roƙo ba ne, tsoratarwa ce, kuma mutumin da aka tsorata ko ya ba ka yau zai rama gobe. Ya ce anspekta mutum ne, yana da uwa da uba, za a je masa kamar yadda ake zuwa wa kowane babba. Mutum uku sun isa. Ya kuma ce kada wanda ya faɗa wa Madam, domin wanda ake nema wa abu ba a gaya masa sai abin ya tabbata. In bai yiwu ba, kada ta ji kunyar haɗa ido da mutane. Ba wanda ya musa. Wa zai koya wa Isaka roƙo?

Ranar Talata, biyu ga watan Satumba, suka tari taksi, shi da Zubairu da Zalika. Isaka ya sa rigarsa ta neman aure, ya ɗaure zogale da na'ana'a a cikin ƙyalle mai tsabta. Suka yi zaman benci na awa biyu kafin sakatare ya ce su shiga.

Sufeton, Mushe Maman, mutumin Maraɗi ne, siriri, mai tabarau da idanun wanda bai ƙoshi da barci ba. Takardu sun yi masa katanga a kan tebur. Da ya ga dattijo sai ya miƙe ya ba shi hannu biyu, ya ce a kawo kujeru. Da aka miƙa masa zogalen ya yi godiya ya ce a kai wa mai shara, Isaka kuma bai ji haushi ba, don ya san babba ba ya karɓa a gaban mutane.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Isaka ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Maraɗi da yadda gero ya yi a can. Sufeto yana amsawa yana satar kallon agogo. Can ya ce, "To Baba, wace lakwal ce, kuma wane malami ne ya yi laifi?"

Isaka ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ba laifi. Alheri muka gani, muka ce bai kamata mu ci mu goge baki ba. Akwai wata baiwar Allah da kuka ba mu, Madam Priska."

Daga nan ya kama. Wanda bai taɓa jin Isaka yana yabo ba bai san daɗin magana ba. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, bai kuma bar komai ba. Ya kawo zancen bakin ƙofa, ya kawo na masu ƙosai, ya kawo na shekarar ruwa. Da ya zo kan malamin da ake miƙa wa alli a gaban yara, sufeto ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai aka ga ya daina kallon agogo, ya jawo wata takarda ya ɗauki biro na rubutu. Ya shiga tambaya. Yara nawa ne a aji? Malamai nawa ne 'yan kwantaragi? Da iyaye suka ƙi sakin 'yan mata, me ta yi? Zalika ta karɓe, ta ƙara da nata, har da yadda Madam ta raba wasu mata biyu da suka yi dambe a kan tabarma a lokacin ambaliya.

Sufeto ya ajiye abin rubutu ya ce, "Wallahi Baba kun ba ni mamaki. Shekara shida ina kan kujerar nan. Iyaye in sun zo, ko dai sun kawo ƙara ne, ko sun kawo sunan ɗan'uwansu. Yau ne na fara ganin waɗanda suka biya taksi don su yabi malama. A takarda sunanta kawai nake gani da shekarunta na aiki, ban san haka take ba. Ina da lakwal da ke neman irin wannan mata ido rufe."

Isaka ya ji maganar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi. A lissafinsa ƙasa ta jiƙa, saura shuka.

Sufeto ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wani abu kuma, Baba?"

Zubairu ya yi tari. Da tarin bai yi aiki ba sai ya taka ƙafar Isaka a ƙarƙashin kujera. Zalika ta buɗe baki, amma dattijo yana wurin, kuma shi aka ba maganar, sai ta rufe.

Isaka ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai. Allah ya ƙara girma."

A bakin titi Zubairu ya kusa fashewa. "Malam Isaka, mutum ya buɗe maka ƙofa da kansa, ya ce akwai wani abu, ka ce babu? Wannan ba gidan surukai ba ne, biro ne!"

Isaka ya ce, "Kai dai ka ɗauki takardu shekara talatin, amma ba ka karanci mutane ba. Ba ka ga yana rubutawa ba? Ya gane sarai. Talata mai zuwa in mun koma, shi zai riga mu faɗa."

Ya koma garkarsa da zuciya fara. Makon nan har waƙa aka ji yana yi a cikin zogale, abin da ba a saba ji ba.

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana ɗaya su koma, Zalika ta gangaro garkar da sauri, ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta ce sunaye sun fito, suna yawo a wayoyin malamai. An naɗa Madam Priska darakta, da takarda da hatimi. Amma ba a nan ba. An kai ta wata lakwal a Harobanda, ƙetaren kogi, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, lakwal ɗin da aka ce darakta uku sun gudu daga cikinta a shekara biyu. Su kuma an turo musu wani daga wata unguwa, ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Isaka ya ajiye gwangwanin ban ruwa. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce da idonta ta ga sunan, an karanta mata sau biyu. Ba ta zage shi ba, ba ta ce ai an gaya maka ba. Da ta yi hakan ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya tafi shi kaɗai, ba zogale ba babbar riga. Da aka shigar da shi, gaisuwar da ya yi ba ta fi ta mai wucewa a hanya ba. Ya tsaya a tsaye, abin da bai taɓa yi a gaban babba ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo roƙon a bar mana Madam Priska. Abin da ya kawo mu ke nan tun wancan makon."

Sufeto ya dube shi. Sannan ya ce, "Baba, zauna don Allah." Da Isaka ya zauna sai ya ci gaba. "Na tambaye ku. Da bakina na ce akwai wani abu, kuka ce babu. Ranar da kuka zo, sunanta yana kan lakwal ɗinku, da fensir na rubuta shi, don shi ne mafi sauƙi a wurina. Da kun ce a bar muku ita, da na bi kansa da biro na wuce wurin. Amma kuka zauna kuka nuna mini cewa ta gyara muku komai, yara na zuwa, malamai na zuwa, iyaye sun haɗa kai. Na ce to waɗannan sun warke, ga masu ciwo can. Ranar Laraba na aika sunayen."

Isaka ya ce, "A wurinmu ba a faɗin buƙata a zuwan farko."

"Na sani, Baba. A gidanmu ma haka ne. Da neman aure kuka zo da na gane. Amma a nan lakwal sittin ne a kaina, kuma kwana uku aka ba ni. Doka ba ta ce in tambayi iyaye ba, ko da yake ni a ganina ya kamata a ce akwai ranar da ake kiranku a tambaye ku, a rubuta abin da kuka ce. Babu ranar. Sai wanda ya zo da kansa, shi ma abin da ya faɗa da baki shi nake ji." Ya gyara tabarau. "Kuma in gaya maka gaskiya, yaran can ma 'ya'yan mutane ne. Iyayensu ba su da wanda ya iya zuwa gaisuwa."

Isaka ya tambaya ko ana iya gyarawa. Sufeto ya ce an riga an sa hannu a sama, kuma wanda aka turo musu shi ma an cire shi daga wani wuri an sa wani, in aka zare ɗaya sai goma sun motsa. Ya ce sai haƙuri. Ya raka shi har bakin ƙofa, da girmamawa sosai, wadda ba ta rage komai ba.

Kwana huɗu Isaka bai bi ta hanyar lakwal ba. Kunya ce ta hana shi, ba wani abu ba. A rana ta biyar ya ga ba shi da mafita, ya wanke ƙafa ya tafi. Ya tarar da Priska a ɗan ɗakin darakta tana ɗaure littattafanta a kwali, mabuɗai a jere a kan tebur, kowane da ƙyallen da ta rubuta sunan ajinsa. Mai kabu-kabu yana jiranta a inuwa.

Ta gaishe shi kamar kullum, ta jawo masa kujera. Amma ba ta dube shi ba. Ta ci gaba da ɗaurin kwali, can ta ce, "Baba, an ce kun je wurin anspekta, ku uku, kwana shida kafin sunaye su fito."

Ya ce haka ne.

"Mu malamai mun san abin da ake nufi in iyaye sun je biro, sannan aka ɗauke mutum." Muryarta ba ta tashi ba. "Na kwana ina juya abin ban gano ba. Masu ƙosai ne? Ko zancen addinina ne ya dawo? Ni dai ina so in sani kafin in tafi, don kada in maimaita a can. Me na yi muku, Baba?"

Isaka ya sha jin maganganu masu zafi a rayuwarsa, daga surukai da masu yaji da masu rigimar iyaka, amma ba wadda ta taɓa shigarsa kamar wannan. Ya rantse mata da Allah cewa ba ƙara suka kai ba. Ya faɗa mata duk abin da aka yi, tun daga gindin bedi har taka ƙafar da Zubairu ya yi masa, bai rage wa kansa laifi ba. Ya ce yabonta suka yi, awa guda cur, har mutumin ya ɗauki abin rubutu.

Ta saki igiyar da ke hannunta ta dube shi. "Kun yabe ni."

"Mun yabe ki."

"Kuka ce a bar muku ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba mu kai nan ba. Na bar shi sai zuwa na biyu."

Priska ta zauna a kan kwalin. Ta yi wata 'yar dariya, ta sa gefen zane ta share ido. Ta ce da sun tambaye ta, da ta gaya musu ranar da ake rufe sunaye, kowane malami ya san ta. Ya ce ba a gaya wa wanda ake nema wa abu. Ta ce ta sani, haka ake yi a garinsu ma.

Mai kabu-kabu ya danna oda sau ɗaya a waje.

Isaka ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Madam, ni da iyayen yaran unguwar nan, maza da mata, muna roƙo ki zauna mana. Ba mu son kowa sai ke."

Ta tashi daga kan kwalin. Sannan ta ce, "Na ji, Baba. Na gode. Shekara goma sha huɗu ina nan, yau ne aka faɗa mini." Ta tattara mabuɗan ta zuba masa a tafin hannu. "Sai dai ni ba ni ke sa hannu ba. Ka ba sabon darakta waɗannan ranar Litinin. Na ajin farko yana da wuyar buɗewa, sai an ɗaga ƙofar sama kaɗan."

Ya ɗaukar mata kwalin har bakin ƙofa, ta hana shi ya ƙi. Aka ɗaure shi a bayan babur, ta hau, suka nufi gada.